Ba Koro Ni Aka Yi Daga Ingila Ba

Ranar sunan ɗiyar Nasiru ina zaune a ƙofar gida a nan Gumel, baƙi sun cika tabarmi, sai na ji Nasirun da kansa, ɗan cikina, yana gabatar da ni ga abokan aikinsa da suka zo daga nesa.

"Wannan shi ne Baba. Kada ku gan shi haka shiru-shiru, a zamaninsa Bature ya doka a Ingila har aka koro shi."

Suka kwashe da dariya, ɗaya ma har da jinjina mini. Na yi yaƙe saboda idon baƙi. Fiye da shekara arba'in ina jin wannan magana a bakin mutanen gari, a tasha, a wurin aiki, a gidan gaisuwa, ban taɓa tankawa ba. Sai ga shi ta zagayo ta shigo gidana, ta zauna a bakin ɗana, yana faɗinta da alfahari kamar wani gado na bar masa. Ran nan raina ya ɓaci irin ɓacin da na manta ina iya yi. Shi ya sa nake rubuta wannan babi, domin kai Nasiru, da ke Bilkisu, da ƙannenku. Ban doki kowa ba, kuma ba wanda ya kore ni. Ku zauna ku ji yadda aka yi.

Kun san gidanmu na ƙauye, can gefen Gagarawa. Kakanku Malam Abdulƙadir shi ne limamin garin, mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya shigo gida har kaji sukan rage kuka. Ƙanensa Baffa Sale shi ne bakin gidan. Ya taɓa aikin awon gyaɗa, yana ɗan karanta boko, don haka duk takardar da ta shigo ko za ta fita sai ta bi ta hannunsa. Dokar gidan kuwa sananniya ce: ɗan gidan liman ba ya kokawa, ba ya dambe, ba ya tsayawa inda ake kiɗa. Dambe musamman, a wurinsu sana'ar mahauta ce, kuma a yadda ake ji da kai a gidanmu, a ce jinin liman ya naɗe hannu ya shiga fili ya fi a ce ya yi sata muni. Naman da muke ci kullum mahautan nan ne suke yanka shi, amma wannan bai taɓa damun kowa ba. Ni dai ina da ƙashi tun ina yaro. Duk Alhamis in an aike mu da awaki kasuwar Maigatari, nakan saci jiki in je bayan kara inda samarin Damagaram suke kokawa. A wurinsu na koyi yadda ake sunkuyawa a kama mutum ta cinya a ɗaga shi, komai girmansa. Nakan kakkaɓe rairayi sosai kafin in dawo gida.

Da na girma na gama makarantar sana'a, gwamnati ta zaɓe ni cikin waɗanda za a tura Ingila shekara biyu su koyo gyaran injinan rijiyar burtsatse. Malam ya sa albarka, don ruwa ne, kuma ya san yadda matan garinmu suke kwana a bakin rijiya da bazara. Aka ajiye ni a wani gari na arewacin ƙasar, garin mahaƙan kwal da masaƙu, inda gidaje suke jere a manne da juna, baƙi ƙirin da hayaƙi. Na kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa, gwauruwa, mai ɗa guda sunansa Tom. Tom yana shiga ramin kwal tun da asuba, ya fito da yamma, ya yi wanka, ya ɗauki jaka ya tafi horon wasa. Shi ne ya fara ja na filin, wai zaman ɗaki zai kashe ni.

Wasan shi ne zari-ruga. Ƙwallon ba zagayayye ba ne, ya fi kama da gwanda, kuma a hannu ake riƙe shi a ruga. Mutum goma sha uku kowane ɓangare. Ba a jefa wa na gaba, sai na baya. Aikin abokan hamayya su kama mai ƙwallon su kayar da shi, in an kayar da ku sau shida ƙwallo ya koma hannunsu. Da na tsaya na kalla na minti goma sai na ce a raina, ai wannan kokawa ce aka haɗa da gudu. Ranar da suka ce in gwada, wani ƙato ya taho da ƙwallo kamar bijimi ya tsinke igiya, na sunkuya irin na bayan karar Maigatari, na ɗaga shi na shimfiɗe. Kocin ya cire taba daga bakinsa ya tambayi Tom a ina ya samo ni.

Tarihin kulob ɗin a bakin tsohuwar na ji shi, tana fere dankali. Ta ce asalin wasan na masu hali ne na kudu, waɗanda ba sa asarar komai in sun yi wasa ranar Asabar. Su kuwa mahaƙan arewa, in mutum ya bar rami don ya buga wa garinsu, sai a yanke masa ladan yinin. Da ƙungiyoyin arewa suka ce za su riƙa mayar wa 'yan wasansu abin da aka yanke, masu hali suka ce wannan ƙazantar da wasa ne, duk wanda ya karɓa an haramta masa fili har abada. Sai na arewa suka ɓalle suka kafa nasu, da nasu dokokin. Ta ce kakanta yana cikin waɗanda suka kwashe toka da baro suka daidaita filin da hannunsu. Tana faɗi tana nuna ni da wuƙar fere kamar ni na yanke musu ladan. Na fahimci fushinta sarai, don na fito daga gidan da ake raba wasa gida biyu, na 'ya'yan mutunci da na sauran mutane.

A cikin lungun da 'yan wasa suke bi su fita fili akwai allunan katako a bango, an rubuta sunan duk wanda ya taɓa buga wa babbar tawagar tun kafuwarta. Akwai sunan kakan tsohuwar, da na ubanta, da na mijinta, da na Tom a ƙasa. Mahaƙa ne, da masu kwasar shara, da direbobi, da mahauta, ba ko ɗan sarki ɗaya. Duk ranar wasa Tom yakan shafi sunan ubansa da yatsa kafin ya fita. Ban taɓa sha'awar wani abu na Turawa ba kamar yadda na yi sha'awar allon nan.

Amma suna da wata al'ada da ta samo asali daga waccan tsohuwar rigimar. Sabon mutum in ya zo gwaji, ba a bayyana sunansa, don kada a haramta masa wani wurin in bai samu shiga ba. Wasa uku yake yi ba suna. A takardar da ake raba wa 'yan kallo sai a rubuta “wani mutum” a gurbinsa. In ya cika uku, ko ya sa hannu a shigar da sunansa, ko ya kama gabansa. Wannan al'ada ta yi mini daidai, don a takardar da na sa wa hannu kafin in bar gida an hana mu aikin da ake biya. Haka na buga wasa uku a babbar tawagar, ni ne wani mutum.

A wasa na biyu na yi targaɗe a wuyan hannun dama. Kafin na uku mai kula da raunuka ya naɗe mini shi da farin bandeji, tun daga gindin yatsu har kusa da gwiwar hannu. Ana cikin wasan ƙwallo ya faɗo hannuna, na ruga, wani ya tare ni, na miƙa tafin hannuna a buɗe na ture shi ta fuska. Dokar wasan ta yarda da haka, kowa yana yi, kuma shi kansa mutumin ya zo ya rungume ni bayan an tashi. Na wuce na dangwala ƙwallo a bayan layi. Wani mai hoto ya ɗauke ni daidai lokacin turewar, washegari sai ga ni a jaridar garin. Ni kuma da wautar ƙuruciya na yanke hoton da almakashi, na sa a ambulan, na aika gida. A zatona za a ce ga Haruna ya yi abin kirki a ƙasar mutane.

Koci ya ce yana so na. Shugaban kwalejinmu ya shiga maganar, aka daidaita cewa zan sa hannu ba tare da an biya ni ko kwabo ba, karatuna kuma ba zai taɓu ba. Sai sanyi ya sauko, fili ya daskare, aka yi wajen wata guda ba wasa. Da ƙanƙara ta narke aka sa ranar Lahadi, aka ce a ranar ne sunana zai fito a takarda, bayan wasa kuma mai fenti ya hau allo. Ranar Laraba da hantsi ina cikin aji, hannuna dumu-dumu da baƙin mai, aka kira ni ofis aka miƙa mini tangaraho, wato gajeren saƙon waya da ake bugowa daga gidan waya a wancan zamani. Daga Gumel aka bugo. An ce mahaifina yana bakin mutuwa, in zo maza. A ƙasa sunan Baffa Sale.

Kwaleji ta ba ni izinin mako uku. Tsohuwar ta ƙulle mini burodi da dafaffen ƙwai tana share hawaye da gefen rigarta. Tom ya bar aikin yinin, shi da ya san abin da barin yini yake nufi a gidansu, ya kai ni tashar jirgin ƙasa. Ya ce kada in damu da Lahadi, allo ba ya gudu. Daga can har Kano ban iya cin komai ba. A motar Gumel ina ta karanta duk abin da na haddace, ina roƙon Allah ya sa in tarar da shi da sauran numfashi ko da na kalma ɗaya ne. Daga Gagarawa na ƙarasa a ƙafa, ina kasa kunne ko zan jiyo koke-koke.

Na tarar da Malam a zaure, zaune a kan buzunsa, wanzami yana yi masa aski. Ga ƙwaryar fura a gefe ya sha rabi. Lafiyarsa ƙalau, har ya fi yadda na bar shi ƙiba. Na durƙusa na gaishe shi, ban san ko murna zan yi ko me ba. Ya amsa kamar daga gona na dawo. Da wanzami ya tafi Baffa Sale ya shigo, ya zaro hoton daga aljihu, ya shimfiɗa a gabana.

"Wannan hannun wane ne?"

"Nawa ne, Baffa."

"Me aka naɗa masa?"

"Bandeji ne. Targaɗe na yi."

"Targaɗe. Hannu ɗaya, na dama, a naɗe tun daga yatsu, a kan fuskar mutum. Cinyoyi a waje, jama'a sun kewaye fili. Haruna, jiya aka haife ni? Mun ga dambe a Maigatari tun uwarka ba ta zo gidan nan ba."

Na nuna masa ƙwallon da ke ɗaya hannun. Ya ce ko tulu na rungumo, shi naɗin hannu ya gani. Na ce tafin a buɗe yake, ɗan dambe dunƙulewa yake yi. Ya ce in bar koya masa abin da ya sani. Sai a lokacin na ji sauran labarin. Ashe da hoton ya iso, Baffa da kansa ya yi ta yawo da shi a kasuwa yana neman wanda zai karanta masa Turancin da ke ƙasa, har ya faɗa hannun Sarkin Fawa. Shi kuma bawan Allah, da zuciya ɗaya, ya aiko da cinyar rago gidanmu, wai a taya Liman murna, ɗan garinmu ya riƙe musu dambe a ƙasar Turawa. Cinyar ragon nan ita ta dawo da ni daga Ingila. An ce kwana biyu Malam bai fita ba sai salla.

Na juya wajen Malam, abin da ban taɓa yi ba, na tambaye shi kai tsaye.

"Malam, da saninka aka rubuta kana bakin mutuwa?"

"Ni cewa na yi a dawo mini da kai. Ban faɗi abin da za a rubuta ba."

"Amma ka ji abin da aka rubuta."

"Na ji, bayan an buga."

"To ga ni na zo, ka ga ba dambe nake yi ba. Saura wata bakwai in karɓi takardata. Ka bar ni in koma in ƙarasa, na yi alkawari ko hanyar filin ba zan sake bi ba."

Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya kife shi.

"In ka koma, ban yafe ba."

Ku da kuka taso yanzu kuna iya cewa me ya hana ni tafiya. Fasfo yana aljihuna, tikitin komawa yana jakata, ba wanda ya ɗaure ni. Amma ku tambayi duk wani sa'ana abin da wannan kalma take nufi daga bakin uba. Na zauna. Wannan shawarar tawa ce, kuma ban ɗora wa kowa ita ba. Abin da nake ɗora musu shi ne abin da ya biyo baya.

Mutane suka fara tambaya, yaya Haruna ya dawo ba takarda, ba akwati, ba ko tsaraba? Amsar gaskiya guda ce: an buga ƙarya da sunan Liman, Liman ya ji, bai warware ba. Wa zai faɗi haka game da mutumin da gari yake bi salla sau biyar? Inna, kakarku, ta kira ni ɗaki ta riƙe hannuna, hannun nan dai na dama.

"Ka yi wa Allah ka yi mini, Haruna, ka rufa wa Malam asiri. Kai yaro ne, magana ba ta zama a kan yaro."

Ta yi kuskure, Allah ya jiƙanta. Maganar ta zauna, har ta yi jijiya. Duk wanda ya tambayi Baffa Sale sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, ai kun ga hoton. Bai ƙara komai ba, bai rage ba, ya bar mutane suka haɗa da kansu. Ga hoton yaro da hannu a fuskar Bature, ga yaro ya dawo ba shiri, me ya rage? Kafin damina ta faɗi labari ya kai Ɗanzomo da Sule Tankarkar cewa na doki malamina aka saka ni a jirgi. Wasu suka ce haƙora biyu na zubar masa. Gidanmu, gidan da aka tayar da hankalin duniya don kada a ce ɗansu ɗan dambe ne, suka zauna lafiya lau ana cewa ɗansu mahaukaci ne da aka koro. Wannan bai ɓata sunan gida ba, tunda ni kaɗai ya ɓata wa.

Gwamnati ta rubuta ni cikin waɗanda suka gudu daga karatu, kuma da gaskiyarta, tunda ban koma ba ban kuma ba da dalili ba. Da ƙyar na samu aikin gyaran famfo a ƙaramar hukuma, a matakin ƙasa. Babu rijiyar burtsatse daga Gagarawa zuwa bakin iyaka da ban zura hannu a cikinta ba. Yaran da na koya wa riƙe sifana suka je suka yo takarda suka dawo suna sa mini hannu a takardar hutu. Sau ɗaya na shiga gaban kwamitin ƙarin girma, wani daga cikinsu ya ja kujerarsa baya yana dariya, ya ce a yi a hankali da Malam Haruna kada ya tuna Ingila. Na yi dariya tare da su, na fito na zauna a gindin darbejiya na kusa awa guda ban iya tashi ba.

Malam ya rayu shekara goma sha tara bayan wannan, bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ni na yi jinyarsa da ciwon gaske ya zo. Baffa Sale ma ni na kama makararsa. Ko sau ɗaya Baffa bai ce mini Haruna, na zalunce ka ba. Tom kuwa ban taɓa rubuta masa ko layi ɗaya ba. Sau da yawa na ɗauki biro in ajiye. Me zan ce wa mutumin da ya bar ladan yininsa ya kai ni tasha? Wasiƙunsa biyu suka zo, na karanta na sa a ƙasan akwati.

Bayan sunan nan da na faɗa muku, Bilkisu ta lura ban ci abinci ba kwana biyu, ta tsare ni da tambaya irin tasu ta ma'aikatan jinya har na ba ta labarin a gurguje. Ta tambayi sunan garin kawai ta shiga latsa waya. Bayan kwana uku ta dawo ta ce kulob ɗin yana nan, kuma suna tattara tarihin duk wanda ya taɓa buga musu, kowa a ba shi lambarsa bi da bi tun daga mutum na farko, da takardar shaida, wanda ya mutu a ba iyalinsa. Ta nuna mini jerin. Sunaye ne ɗaruruwa, sai a tsakiya ga lamba guda ba suna a gabanta. An rubuta cewa ɗan gwaji ne, ɗalibi daga Afirka, wasa uku, duk wanda ya san shi ya taimaka. Na karɓi wayar na kai ta kusa da idona, na daɗe ina kallon gurbin nan.

Ta rubuta musu. Mai tattara tarihin ya amsa, ya ce Tom yana raye, kuma shi ne ya hana a share gurbin. Ya tuna ana kira na Haruna, amma sauran sunan ya ɓace masa, takardun kwalejin kuma sun salwanta tun da aka rufe ta. Aka sa rana, bayan la'asar, za mu ga juna ta waya. Na ce a kira Nasiru ya zo ya zauna. Sai ga wani tsoho a allon wayar, ba gashi, da robar numfashi a hanci, ƙurar rami ta cinye masa ƙirji. Da ya yi dariya na gane shi. Turancina ya yi tsatsa, Bilkisu tana cike mini inda na kakare. Ya ce uwarsa ta rasu da daɗewa, kuma har ta mutu tana kiran ɗakin nan ɗakin Haruna. Sannan ya ce akwai abin da ya daɗe yana so ya gaya mini.

"Da mako uku suka wuce ba ka dawo ba, ba wasiƙa, muka san tsohon ya tafi. Wasan da ya biyo baya, kafin mu fita, koci ya tsayar da mu a lungun allo, mu goma sha uku, muka yi shiru na minti ɗaya saboda mahaifinka. Ban san yadda kuke yi a addininku ba, mu dai abin da muka iya ke nan. Ka dai same shi da rai, ko?"

Mahaƙan kwal goma sha uku sun sunkuyar da kai saboda mutumin da a wannan lokacin yana zaure yana shan fura, mutumin da ya ga wasansu bai kai a haɗa shi da sunan gidansa ba. Zan iya cewa e, na same shi, in yi shiru, ba wanda zai ce na yi ƙarya. Haka na saba yi shekara arba'in. Na kalli Nasiru, na ce wa Bilkisu ta fassara duk abin da zan faɗa, kada ta gyara.

"Tom, lafiyarsa ƙalau na same shi. Ƙarya aka bugo mini don a raba ni da wasanku. Ni kuma kunya ta hana ni gaya muku, na bar ku da ita. Ku yafe ni."

Tom ya ce an ci su a wasan ran nan, kuma da ina nan da ba a ci su ba, wannan ne kawai ba zai yafe ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ban iya dariyar ba. Nasiru kuwa kansa yana ƙasa tun da aka fara.

Mai tattara tarihin ya tambayi yadda za a rubuta sunan. A Ingila da sunan gari aka san ni, kamar yadda aka yi wa yawancinmu a makaranta, kuma da na bar shi haka da sunan Malam bai shiga ba. Na kwana biyu ina juya abin. Na yafe wa mahaifina tun yana raye, ina kuma roƙa masa rahama a kowace salla, amma yafewa ba ta ce in ɗauki ƙaryar wani in shiga da ita kabari ba. Na ce a rubuta Haruna Abdulƙadir. Sun aiko da hoton allon bayan mai fenti ya gama. Sunan Limamin garinmu yana nan a bango, tsakanin wani direban bas da wani mahauci, kuma ban ga abin da ya rage shi da shi ba.

Takardar shaidar ta iso watan jiya. Hoton jaridar ma yana nan, don Inna ta ɗauke shi daga inda Malam ya kife shi ta ɓoye a cikin kwallarta, sai bayan rasuwarta aka gani. Na sa an yi musu gilashi, na rataye su a zaure, daidai saitin inda baƙi suke zama. Ni na gama bayani, shekaruna sun wuce nan. Duk baƙon da ya ɗaga kai ya tambayi hannun wane ne wannan aka naɗe, Nasiru, kai za ka tashi ka ba shi amsa.